Kibiya Ba Tare da Titi Ba: Lacca a kan Raga Mai Kibau da Matiroyid Mai Alƙibla



Maganarmu ta yau daga lissafin haɗe-haɗe ta fito, wato reshen lissafi da ke duba yadda ake jera abubuwa da yadda ake ƙulla su da juna. Tambaya ɗaya zan bi har in sauka. A ɗauko taswirar gari wanda duk titunansa wanwe ne. A goge tsawon titunan, a goge sunayen unguwanni, a goge har mahaɗun da titunan ke gamuwa. Me ya saura? Za ku ce babu komai. Ni kuwa ina so in nuna muku cewa alamomi uku sun saura, +, − da 0, kuma waɗannan ukun su ne ke ɗauke da nauyin wasu manyan ƙa'idoji da aka daɗe ana zaton sai da lambobi suke tsayawa. Wanda ke da takarda da biro ya fito da su, don akwai inda za mu yi aikin tare.

Raga da kibanta

Abin da zan riƙa kira raga shi ne ɗigo-ɗigo da layukan da suka haɗa su. Ɗigon mu kira shi mahaɗa, layin kuma titi. Leonhard Euler ne ya buɗe wannan fage a 1736, da ya duba gadoji bakwai na birnin Königsberg, wanda yanzu ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha, ya nuna ba yadda za a yi mutum ya haye kowace gada sau ɗaya tak a fita guda. A 1847 Gustav Kirchhoff na Jamus ya shigo da wayoyin lantarki cikin maganar. Shi kuwa lantarki yana da inda ya dosa, don haka dole aka ɗora wa kowane layi kibiya.

Ku zana mahaɗa uku, A da B da C. Titi na 1 ya tashi daga A zuwa B, na 2 daga B zuwa C, na 3 daga A zuwa C. Yanzu mu yi kewaye: daga A zuwa B zuwa C, mu komo A. A titi na 1 mun bi kibiya, a na 2 mun bi kibiya, a na 3 mun yi mata kishiya. Mu rubuta (+, +, −). Da ta ɗaya hannun muka kewaya, da mun sami (−, −, +).

Abu na biyu shi ne datsi. A zagaye wasu mahaɗu da shinge, a duba titunan da suka tsallaka shi. Wanda ya fita a ba shi +, wanda ya shigo a ba shi −, wanda bai taɓa shingen ba a ba shi 0. In aka killace A ita kaɗai, za a sami (+, 0, +). In B aka killace, (−, +, 0). In A da B tare, (0, +, +).

Ku jera kewayen da kowane datsi ku gani. (+, +, −) da (+, 0, +) sun yi daidai a titi na 1, sun saɓa a na 3. Da (−, +, 0) kuwa sun saɓa a na 1, sun yi daidai a na 2. Haka abin yake a kowace raga, komai girmanta: muddin kewaye da datsi sun yi tarayya a wani titi, sai an sami inda suka dace, an kuma sami inda suka saɓa. Dalilin a fili yake. Mai kewaye in ya fita daga shinge, ba makawa sai ya komo ciki kafin ya isa inda ya faro. Ku riƙe wannan da kyau, za mu neme shi nan gaba.

Abin da Whitney ya hango

A 1935 Hassler Whitney, wani masanin lissafi ɗan Amurka, ya lura cewa kewaye a cikin raga da dogaro a tsakanin bektoci ɗabi'arsu ɗaya. Bekta dai jerin lambobi ce, kamar (1, 0), kuma ana cewa bektoci sun dogara da juna in za a iya ninka kowace da wata lamba, ba duka sifiri ba, a tara, a sami sifiri. Ku ɗauki a = (1, 0), b = (0, 1), c = (1, 1). Kun ga a + b − c = 0. Ukun sun dogara da juna, amma in an cire ɗaya, biyun da suka rage kowace cin gashin kanta take. Haka titunanmu uku: tare suna yin kewaye, a cire ɗaya kewayen ya watse.

Sai Whitney ya ajiye mahaɗu, ya ajiye lambobi, ya riƙe abu ɗaya kawai: tarin abubuwa, da jerin ƙananan rukunonin da suka zama kewaye. Wannan shi ne matiroyid. A daidai wannan lokaci wani matashi ɗan Japan, Takeo Nakasawa, ya cimma irin wannan tunani shi kaɗai, ya buga takardunsa tsakanin 1935 da 1938. Ya rasu a 1946 a sansanin fursunoni na Sobiyet, aikinsa kuma ya daɗe ba a waiwaye shi ba.

Matiroyid ya fi raga faɗi. Ku ƙara bekta ta huɗu, d = (1, −1). Yanzu kowaɗanne uku daga cikin huɗun sun dogara da juna, amma ba wasu biyu da suka dogara. Nemi raga mai tituna huɗu da za ta yi haka. Uku na farko za su yi kusurwa uku. Na huɗu dole ya zauna a kan waɗannan mahaɗu uku, sai ya zama ya kwanta kusa da ɗaya daga cikinsu, su biyun su yi kewaye, abin da muka ce bai halatta ba. Ashe akwai matiroyid da ba shi da raga. W. T. Tutte, wanda ya yi aikin fasa saƙonnin sirrin Jamusawa a Bletchley Park lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kafin ya koma Kanada, shi ne ya fayyace a 1959 waɗanne matiroyid ne suka fito daga raga.

Sai dai Whitney ya yi wata asara a hanya. Matiroyid nasa zai gaya maka tituna 1, 2 da 3 sun yi kewaye, amma ba zai gaya maka ko mota za ta iya bin kewayen ba tare da ta karya dokar wanwe ba. Kibiyar ta faɗi. Kuma ba a ga inda za a mayar da ita ba, tunda kibiya daga mahaɗa take tashi ta nufi mahaɗa, ga shi an share mahaɗun.

Yadda aka dawo da kibiyar

Mafitar ita ce a daina neman kibiya a jikin titi ɗaya, a neme ta a jikin kewaye. Ku koma ga a + b − c = 0. A zubar da girman lambobin a bar alamominsu, sai a sami (+, +, −), daidai abin da muka samu a titunanmu. Kamar a ce maka wane na bin wane bashi, ba a faɗa maka ko nawa ba ne. Ba ka san adadin ba, amma kana iya gane ko bashin ya zagayo kan wanda ya fara bayarwa.

Bektocinmu huɗu suna da kewaye huɗu. Daga a + b − c = 0 mun sami (+, +, −, 0). Daga a − b − d = 0 mun sami (+, −, 0, −). Daga 2a − c − d = 0 mun sami (+, 0, −, −). Daga 2b − c + d = 0 mun sami (0, +, −, +). Ku dubi biyun farko. A gurbin b, ɗaya na da +, ɗaya na da −. In an tara su, b ta ɓace, abin da ya fito shi ne na uku, kuma kowace alama da ke cikinsa daga ɗayan iyayensa ya gaje ta.

Wannan shi ne ginshiƙin ma'anar. Matiroyid mai alƙibla tarin abubuwa ne da jerin kewaye masu alamomi, bisa sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, babu kewayen da duk sifiri ne. Na biyu, in an juya duk alamomin kewaye, abin da ya fito ma kewaye ne. Na uku, ba kewayen da ke zaune cikin wani, sai dai in shi ne ko juyinsa. Na huɗu, in kewaye biyu, waɗanda ɗaya ba juyin ɗaya ba ne, suka saɓa a wani gurbi, to akwai kewaye na uku da ke da sifiri a gurbin, wanda duk + ɗinsa da − ɗinsa daga waɗancan biyun ya samo su. Shi kuwa datsi, ba a buƙatar shinge kafin a same shi. Dokar nan ta dacewa da saɓawa da na ce ku riƙe, ita ce ke fitar da alamominsa.

Ba mutum ɗaya ya gina wannan ba. George Minty ya fara a 1966 da wani tsari da ya rufe raga mai kibau da 'yan'uwanta na kusa. R. T. Rockafellar ya nuna a 1969 cewa yawancin abin da ake yi da bektoci a wannan fage alamomi kawai yake ci, ya kuma yi hasashen za a iya kafa masa sharuɗɗa. Jon Folkman na cibiyar RAND ya yi nisa a aikin, amma ya rasu a 1969 yana ɗan shekara 30, bai buga ba. Jim Lawrence ne ya ƙarasa. A gefe guda Robert Bland a Jami'ar Cornell da Michel Las Vergnas a Faransa, kowa ta hanyarsa, sun iso wuri guda. A 1978 takardu biyu suka fito, ta Bland da Las Vergnas, da ta Folkman da Lawrence, daga nan fagen ya tsaya da ƙafarsa. Babban littafinsa, na Björner da Las Vergnas da Sturmfels da White da Ziegler, ya fito daga Cambridge a 1993.

Ƙa'ida ɗaya mai riga biyu

Ga inda ribar take. A kowace raga mai kibau, ɗauki kowane titi. Ko dai yana cikin kewayen da ake bi ba a saɓa wa kibiya ko ɗaya ba, ko kuma yana cikin datsin da duk titunansa gefe ɗaya suka dosa. Ɗaya daga ciki dole, biyun tare kuwa ba zai yiwu ba.

Hujjar gajera ce. A ce titin ya tashi daga U zuwa W. Tsaya a W, ka tattara duk mahaɗun da za ka iya kaiwa kana bin doka. In U na cikinsu, ka sami kewayenka. In ba ta ciki, zagaye abin da ka tattara da shinge. Ba titin da zai fita daga shingen, don da akwai, da ka bi shi ka ƙara mahaɗa. Ke nan duk masu tsallakawa shigowa suke, har da titinmu, wato in ɗaya gefen aka killace, datsi ne mai + zalla. Me ya hana biyun haɗuwa? Kewaye mai + zalla da datsi mai + zalla in sun haɗu a titi, ba inda za su saɓa, mun kuwa ce sai sun saɓa. A zanenmu, titi na 1 da na 3 suna cikin (+, 0, +), na 2 yana cikin (0, +, +). Juya kibiyar titi na 3 kawai, sai kewayen ya koma (+, +, +), datsin nan masu + zalla duk su rushe. Wannan wani ɓangare ne na ƙa'idar fenti da Minty ya kawo a 1960.

To, tun a 1902 wani masani ɗan Hungari, Gyula Farkas, ya buga wata ƙa'ida a kan bektoci, ba ruwansa da tituna. In an faɗe ta da harshenmu na yau, cewa take: ɗauki bekta ɗaya cikin tari. Ko dai za a iya tara ta da wasu, kowace an ninka ta da lamba mai +, a sami sifiri, ko kuma akwai bangon da ya ratsa ta cibiya, wato sifirin da bektocin ke tasowa daga gare shi, wanda ba bekta ko ɗaya a bayansa, ita kuma tamu tana gabansa sosai. Ku saurari maganar da kyau. Ta farko kewaye ne mai + zalla, ta biyu datsi ne mai + zalla. Ƙa'idar Farkas da ta tituna abu ɗaya ne, kuma a matiroyid mai alƙibla ana tabbatar da ita sau ɗaya daga sharuɗɗan nan huɗu, ba tare da an ninka ko an raba lamba ba.

Ƙa'idar Farkas kuwa ita ce gindin lissafin da kamfanonin jiragen sama da matatun mai da masu rarraba kaya ke amfani da shi wajen neman riba mafi yawa ƙarƙashin sharuɗɗa. George Dantzig ya ƙirƙiro hanyar simfiles don wannan aiki a 1947. Hanyar na da wani aibu: wani lokaci takan shiga zagaye, ta yi ta maimaita matakai ba ta ci gaba, kamar yadda E. M. L. Beale ya nuna da misali a 1955. Bland, da ya kalli matsalar ta fuskar alamomi, ya fito da magani a 1977: a sa wa abubuwan lamba tun farko, duk sanda aka sami zaɓi a ɗauki mai ƙaramar lamba. Shi ke nan, zagayen ya mutu. Har gobe ana koyar da wannan doka da sunansa.

Inda alamomi suka rabu da lambobi

Kada wani ya fita daga nan yana cewa alamomi da lambobi duk ɗaya ne. Sun rabu ta fuska biyu.

Ta farko, ba kowane matiroyid ke karɓar alƙibla ba. Akwai tsarin Fano, mai ɗigo 7 da layi 7, kowane layi na ɗauke da ɗigo uku, kowaɗanne ɗigo biyu kuma layi ɗaya ya haɗa su. Matiroyid ne cikakke, amma duk yadda ka raba masa + da −, sai sharaɗi na huɗu ya karye. Gidansa shi ne lissafin da 1 + 1 ke ba da 0, inda ba a bambanta tarawa da ɗebewa.

Ta biyu ta fi ban mamaki. Akwai matiroyid mai alƙibla da ba wasu bektoci a duniya da za su haife shi. Folkman da Lawrence sun tabbatar cewa matiroyid mai alƙibla mai daraja uku, wato takwaran bektoci masu lambobi uku-uku, daidai yake da zanen lanƙwasassun layuka a kan shimfiɗa, waɗanda kowaɗanne biyu ke gittawa sau ɗaya tak. A daraja mafi girma ma akwai kwatankwacin haka. Tambayar ita ce, kullum za a iya miƙe layukan ba tare da an sauya yadda suka gitta juna ba? Amsar tana hannun Pappus na Iskandariyya a Masar, wanda ya rayu a ƙarni na 4. Ya ce a sa ɗigo uku a kan layi, uku a kan wani, a haɗa su a gicciye, to mahaɗu ukun da za su fito a tsakiya dole su hau miƙaƙƙen layi ɗaya. Layuka tara ke nan. Yanzu ɗan lanƙwasa na taran ya kauce wa mahaɗa ɗaya. Zanen bai karya ko ɗaya daga sharuɗɗanmu ba, amma miƙe shi zai ƙaryata Pappus, don haka ba ya miƙuwa. Friedrich Levi ya fara nazarin irin waɗannan layuka a 1926, Gerhard Ringel ya kawo misali mai layi tara a 1956 wanda ba inda layi uku suka gamu a ɗigo ɗaya, sannan Goodman da Pollack suka tabbatar a 1980 cewa layi takwas ko ƙasa da haka kullum suna miƙuwa. Gane ko zane zai miƙu ba ƙaramin aiki ba ne. Sakamakon Nikolai Mnëv na 1988 ya nuna wahalarsa daidai take da ta warware tarin lissafin aljabara masu sarƙaƙiya, Peter Shor kuma ya tabbatar a 1991 cewa yana cikin matsaloli masu tsaurin NP, wato waɗanda ba a san hanyar gaggawa ta warware su ba.

Ana iya ganin tazarar da ƙirge. A watsa ɗigo a kan takarda, ba uku a layi ɗaya, a tambayi kowaɗanne uku: in an bi su a jere, dama ake karkata ko hagu? Wannan + da − ne kuma, kuma da shi kwamfuta ke gano ɗigon da ke bakin iyaka da layukan da suka gitta, abin da Donald Knuth ya rubuta ɗan littafi a kansa a 1992. Ɗigo 4 na da tsari iri 2, ɗigo 5 iri 3, ɗigo 6 iri 16, ɗigo 7 iri 135, ɗigo 8 iri 3,315. A ɗigo 9, sharuɗɗan alamomi sun yarda da iri 158,830, amma 158,817 ne ake iya zanawa da ɗigo na gaske. Guda 13 ɗin nan da suka rage su ne farkon inda duniyar alamomi ta zarce ta lambobi. A can ma hanyar simfiles sai an yi hattara, don aikin Komei Fukuda da Jack Edmonds a Jami'ar Waterloo a 1982 ya nuna tana iya komawa inda ta baro ko da kowane mataki kamar gaba yake kai ta.

Ƙirge na ƙarshe

Bari in rufe da lissafin da kowa zai iya yi. Tituna ukunmu, kowanne na iya kallon gefe biyu, don haka akwai hanya 8 ta ɗora musu kibau. Biyu daga ciki suna zagayawa, 6 ba sa zagayawa. Yanzu wata tambaya dabam: da launi k, ta hanya nawa za a shafa wa A da B da C fenti ba tare da maƙwabta sun yi launi ɗaya ba? Amsa, k(k − 1)(k − 2). Sa −1 a madadin k, ka sami −6. Cire alamar, ga 6 ɗinmu. Richard Stanley ya tabbatar a 1973 cewa haka yake a kowace raga. Thomas Zaslavsky ya sami irin wannan ƙirge a 1975 yana lissafa yankunan da bangaye ke raba sarari. A misalinmu bangaye uku ne, inda A ta yi daidai da B, inda B ta yi daidai da C, da inda A ta yi daidai da C, kuma yanki 6 suke bayarwa, ɗaya ga kowane jerin fifiko na mahaɗun uku. Las Vergnas ya nuna cewa duka biyun ƙa'ida ɗaya ce ta matiroyid mai alƙibla, har ma ga waɗanda layukansu ba sa miƙuwa.

Ɗalibai, ga aikin gida. Ku zana mahaɗa huɗu a kewaye, tituna huɗu. Ku ƙirga hanyoyin ɗora kibau da ba sa zagayawa. Sannan ku nemo lissafin fentinsa da kanku, ku sa −1. In duka biyun ba su ba ku 14 ba, ku sake dubawa. Bayan haka ku ƙara titi na biyar daga kusurwa zuwa kishiyarta, ku rubuta duk kewayensa da datsinsa da alamominsu, ku gwada sharaɗi na huɗu da hannunku. Fagen nan ba ya neman injin mai tsada kafin a shige shi, takarda da haƙuri yake nema.